Kiran Gida Na Yankewa? A Leƙa Saitin Rauta

A gidajen haya na Nima a Akra, ko rumfunan kasuwar Dantokpa a Kwatano, akan samu rautoci kusa da juna. Da magariba ta yi, kowa ya kama waya zai gaida gida ko ya tura wa abokin ciniki hoton kaya, sai intanet ta fara jan ƙafa. Nan da nan sai ka ji an ce kamfani ne ke cin data. Ni kuwa nakan ce a fara duba saitin rauta tukuna.

Rauta ƙaramin gidan rediyo ce, kuma yawancin na zamani zango biyu gare su: 2.4 GHz da 5 GHz. Na farko ya fi nisa, ya fi ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, har Bluetooth a nan yake. Na biyu ya fi sauri, sai dai ba ya nisa, kuma wasu wayoyin masu araha ba sa ganinsa. Shi ya sa nake barin duka biyun a kunne: na kusa ya hau 5, na ƙuryar ɗaki ya zauna a 2.4.

Shiga saitin ba wuya. A burauzar waya za ka rubuta lambar da ke manne a jikin na'urar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka buɗe sashen waifai, ka nemi tasha. Channel ake rubutawa, ko Canal a na'urar Faransanci. A zangon 2.4, tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. In maƙwabcinka na kan 6, kai ka koma 1 ko 11. Akwai manhajojin Android na kyauta masu nuna tashar da kowa yake kai. Faɗin tasha kuma a bar shi a 20 MHz, don 40 a wurin cunkoso kamar mai shimfiɗa kaya ne har rumfar maƙwabci.

Kada kuma ka ce ƙure ƙarfin na'ura ne mafita. Wayar za ta ji rauta daga nesa, amma muryarta ba za ta kai komawa ba. Gara a ɗaga rautar sama, a tsakiyar gida, nesa da firiji da ƙofar ƙarfe. Mai shago a kwantena, ya sa ta kusa da baki.

Sai tsaro. Zaɓi WPA2 ko WPA3, ka canja kalmar sirrin shiga saitin da na'urar ta zo da ita. Wayar da kake karɓar kuɗin ciniki da ita, ai ba a bar mata ƙofa a buɗe. In kun saba da maƙwabta, ku zauna ku raba tashoshin nan uku, kowa ya huta.