Yadda masu fatsa a Amurka ke zaɓen koton roba don kama kifin bass

A tafkunan gonaki na Amurka, kifin da masu fatsa suka fi nema shi ne bass mai faɗin baki. Mafarauci ne da ke laɓewa cikin ciyawa ko gindin itacen da ya nutse, ya afka wa ƙananan kifaye da kwaɗi. Shi ya sa ake yaudararsa da koton roba ko na ƙarfe mai kama da abincinsa. Wanda ya zaɓi koto bai duba ruwan ba, sau da yawa hannu rabbana yake komawa gida.

Idan ruwan garau yake, kifin da ido yake farauta, don haka koto mai launin kore ko ruwan ƙasa ya fi dacewa. Idan kuwa ruwan ya gurɓace, sai a koma ga koto mai faifan ƙarfe da ke juyawa, domin kifin yana jin girgizar ruwa ta wata jijiya da ke gefen jikinsa.

A tafki mai ciyawa, tanar roba ce kan gaba. Nick Creme ne ya ƙirƙiro ta a jihar Ohio a 1949. Akan soke bakin ƙugiya cikin jikinta don kada ta sarƙe.

Da asuba ko magariba a lokacin zafi, kwaɗon roba mai yawo a saman ruwa ya fi aiki. Da sanyi kuwa kifin kasala yake yi, sai a saukar da koton ƙasa, a riƙa jansa a hankali.