Baƙin mai: abin da lambobin jikin galan ke nufi

A garejin Maraɗi ko na Damagaram, da wuya mai mota ya tambayi irin baƙin man da aka zuba masa lokacin juye. Alhali man da bai dace ba yana cin inji sannu a hankali, har ranar da makanike zai ce sai an sauke shi.

Lambobi irin su 15W-40 ko 5W-30 kaurin mai suke nunawa. Ta farko, mai harafin W, tana faɗin yadda man ke gudu in inji ya kwana ya huce: in ta yi ƙasa, man ya fi saurin kai wa ƙarafa da an tada mota. Ta biyu ita ce kaurinsa in ya yi zafin digiri 100.

Da yake zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, direbobi da yawa sun ɗauka mai kauri, 20W-50, shi ne maganin kowace mota. Ga tsohuwar Starlet da ta gaji da aikin taksi a Yamai, tana shan mai tana hayaƙi, yana iya taimakawa. Amma injin zamani hanyoyin mansa ƙanana ne, mai kauri kan yi jinkirin ratsa su, motar kuma ta ƙara shan fetur. Littafin mota shi ne alƙali. Wani lokaci ma lambar tana rubuce a murfin da ake zuba man.

Sai haruffan API. Waɗanda suka fara da S, kamar SN ko SP, na injin fetur ne. Masu C, kamar CI-4, na gazuwal. Motocin Turai sukan nemi alamar ACEA.

Masu kabu-kabu suna da tasu matsalar. A yawancin babura, mai ɗaya ne ke jiƙa inji da kuloci, shi ya sa wasu man mota ke sa kuloci santsi, babur ya yi ta kuka ba ya ja. Abin dubawa a nan alamar JASO MA ko MA2.

Lamba kuwa ba ta da amfani in man jabu ne. Wanda ake aunawa a kwalba bakin hanya ba a san asalinsa ba, akwai kuma masu sake cika tsohon galan. A duba hatimin murfi, a buɗe shi a gaban mai motar.

Ƙurar hunturu da gajerun tafiye-tafiye cikin gari suna saurin kashe mai, don haka makanikai da dama ba su bari mai na gama-gari ya wuce kilomita 5.000, kuma tare da matatarsa ake canza shi. Baƙin da man gazuwal ke yi da wuri ba laifi ba ne. Wanda ya koma kalar shayi da madara shi ne abin tsoro: ruwa ya shiga inji, kada a ƙara tada motar sai makanike ya gani.