Hukuncin aikin likita a sashen gaggawa na mata masu ƙaramin ciki

Tambaya:

Ni likita ne, an mayar da ni sashen gaggawa na mata. Yawancin waɗanda ake kawo mana masu ƙaramin ciki ne: wata ta yi ɓari jini ya ɓalle mata, wata cikin ya zauna a wajen mahaifa, wata an zubar mata a wani wuri abin ya lalace. Kusan kullum sai na yi wankin ciki. Zuciyata ba ta natsu ba, ina tsoron kada in zamo mai zubar da ciki ban sani ba. Shin in ci gaba, ko in nemi canjin sashe?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Aikinka halal ne, yana ma cikin farillan da idan kowa ya bar su al'umma duka ta yi laifi. Abin da ya rikita ka shi ne kayan aikin iri ɗaya ne: maganin da ake ba wadda ta yi ɓari don mahaifa ta fitar da saura, shi ake ba mai son zubarwa. Amma hukunci ba ya bin kayan aiki, yana bin halin da ɗan tayin yake ciki a lokacin da ka sa hannu.

Idan ɗan tayin ya riga ya mutu, ko ɓarin ya auku saura ya maƙale, wankin ciki magani ne kawai, barinsa ma shi ne cutarwa, domin yana jawo zubar jini da ruɓa. Sai dai a nan ne ya kamata ka tsananta wa kanka. Asali cikin yana raye, kuma shakka ba ta gusar da yaƙini. A makonnin farko hoton ciki yakan kasa nuna bugun zuciya alhali cikin lafiyarsa lau, musamman idan matar ta yi kuskuren lissafin al'adarta. Matuƙar ba ta cikin haɗari, ka jinkirta mako guda ko fiye ka sake dubawa, ko ka sa wani likita ya duba. Cunkoson marasa lafiya ba uzuri ba ne.

Cikin da ya zauna a bututun mahaifa kuwa, ya halatta a cire shi ko da ana ganin bugun zuciyarsa. Ba zai rayu a wurin ba, kuma idan bututun ya fashe uwar tana iya mutuwa cikin sa'o'i saboda jinin da ke taruwa a cikinta. Ba a barin rai tabbatacce ya salwanta saboda wanda babu hanyar tsirar da shi.

Inda za ka tsaya shi ne ciki mai rai, a cikin mahaifa, uwar kuma ba ta cikin haɗari. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin fitar da shi tun daga zamansa a mahaifa, ko da kafin kwana 40 ne. Wasu malaman Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya sun sassauta a farkon ciki, bisa saɓani a tsakaninsu. Bayan kwana 120, lokacin busa rai kamar yadda hadisin Ibn Mas'ud na Bukhari da Muslim ya nuna, an haɗu a kan haramci, sai idan barinsa zai kashe uwar. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a zamanta na 1990, ta yi rangwame kafin kwana 120 ga ɗan tayin da kwamitin ƙwararrun likitoci amintattu ya tabbatar yana da mummunar nakasar da ba ta da magani, idan iyayen suka nema. Ka lura kwamiti aka ce, ba likita ɗaya a tsakar dare ba. Tsoron talauci ko rashin shirin haihuwa ba sa cikin uzuri, don haka kada ka yi, kada ka rubuta maganin.

Wadda aka zubar mata a wani wuri ta zo tana jini, wajibi ne ka yi mata magani kamar kowa, ka kuma rufa mata asiri. Ba ka yi tarayya a laifinta ba. Nasiha sai ta samu sauƙi.

Saura kasancewarka namiji. Abin da ya fi shi ne mace ta duba mace. Idan babu, ko jira zai cutar da ita, ka duba ta gwargwadon buƙata, ka rufe abin da aikin bai shafa ba, kuma kada ku keɓe: a samu ma'aikaciyar jinya ko mijinta a ɗakin. Idan akwai likita mace a bakin aiki kuma matar ta nemi ita, ka ba ta hanya.

Ba sai ka nemi canjin sashe ba. Ka sanar da shugabanka tun yanzu abin da ba za ka yi ba, kada sai ranar da aka kawo maka shi.

Allah ne Mafi sani.