Kafin Ka Tayar Da Tsohuwar Land Rover, Duba Kulocinta

A ƙasar Batsari da Safana, da an sauka daga kwalta sai gargada da rairayi da rafukan da ke cika da damina. Saboda haka tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu har yau tana da ranarta. Duk wanda ke shirin tayar da Land Rover ɗin da ta daɗe a yashe don ɗaukar hatsi daga ƙauyuka irin su Darini zuwa kasuwa, shawara ce mai kyau, amma ya san inda zai fara zuba kuɗinsa. Yawancin mutane da fenti da kujeru suke farawa, alhali ba su ne ke tsayar da mota a daji ba.

An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948, kuma samfurin Series III ya fito daga 1971 zuwa 1985. Bodinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa, shi ya sa take ruɗin mai saye. Ƙarfen da ke ɗauke da ita daga ƙasa kuwa yana ruɓewa. Ka shiga ƙarƙashinta da guduma ka bubbuga, ka kuma gwada lambar jikinta da ta takardu kafin ka biya ko sisi.

Sai batun kuloci. Aikinsa haɗa ƙarfin inji da giya da kuma raba su, ta hanyar wani faranti da ake matsewa a jikin faifan ƙarfen da ke bayan inji. Idan farantin ya cinye, za ka ji inji na ruri mota ba ta ƙara gudu, musamman a hawa da lodi, sannan wari kamar na ƙonewar birki ya biyo baya. Gwajin ba wuya: sa babbar giya kana tafiya a hankali, ka taka totur. In ƙara ta tashi gudu bai ƙaru ba, kuloci na sulɓewa.

Amma ba kowace matsala ce ke bukatar sauke giyabos ba, kuma a nan ake cutar masu mota. Kulocin waɗannan motoci da mai yake aiki. Idan feda ta yi laushi ko ta nutse, giya ta ƙi shiga, sau da yawa robobin famfon sama ko na ƙasa ne suka mutu, ko iska ta shiga bututu. Gyaran ɗan lokaci ne. Man birki kaɗai ake zubawa. Wanda ya ɗura baƙin mai don ya rasa na gaskiya, robobin za su kumbura su lalace. Haka kuma Series II da IIA, waɗanda suka riga ta ukun, giyarsu ta ɗaya da ta biyu kan yi ƙara in ba a taka kuloci sau biyu ba. Haka aka ƙera su, kada bakanike ya ce maka ciwo ne.

In dai ta kai ga saukewa, a Land Rover sai an cire daɓen mota da mazaunin kujeru, aiki ne na yini guda ko fiye. To, kada a canja faranti kawai. A sa sabon murfin da ke matse shi, da boris ɗin da ke tura shi, a kuma duba ko mai na yoyo daga bayan inji, domin in mai ya taɓa sabon faranti an koma gidan jiya. Mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano neman kaya ya tafi da tsohon a hannu, saboda girman farantin ya bambanta tsakanin samfura. Ku kuma, makanikai, ku bar hure ƙurar tsohon kuloci da baki ko da famfon iska. Na da can ana haɗa su da asbestos, ƙurarsa kuwa tana jawo cutar huhu bayan shekaru. Jiƙaƙƙen tsumma ya isa. Kada kuma kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Direba ma da nasa laifin. In mota ta kafe a rairayi, ba a rabin kuloci ake fitar da ita ba. A ja sandar nan mai jan kai a shiga ƙaramar giya. Akwai kuma ƙaramin rami a ƙasan gidan kuloci da ake toshewa da noti kafin a tsallaka rafi, don kada ruwa da laka su shiga. Bayan an haye sai a kwance shi, in ba haka ba man da ke ɗiga ya taru ya jiƙa farantin.

Kowa a yankin nan ya san halin rashin tsaron da hanyoyin da ke kusa da Dajin Rugu suka shiga a shekarun nan, ya kuma san abin da tsayuwar mota da yamma ke nufi. Bayan gyara, a gwada ta da lodi a kusa da gari, da rana, kafin a doshi ƙauye da fasinja.