Ɗaukar Hoton Tsuntsaye a Bakin Tafki

Ɗaukar hoton tsuntsayen ruwa ya fi dogara da sanin halin tsuntsu fiye da tsadar kyamara. Tafkin bayan gari, ko kududdufin da aka haƙi ƙasar gini ruwa ya taru a cikinsa, ya ishi mai koyo. A nan ake samun balbela da zalɓe da kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa, wani lokaci har da guza yana shan hantsi a gefe.

Kowane lokaci da baƙinsa. Shamuwa na zuwa da farkon damina, shi ya sa manomi ke murna da ganinta. Daga Oktoba zuwa Maris kuma tsuntsayen Turai ne ke ƙetaro Sahara suna gudun sanyin ƙasarsu, kuma dubbai daga cikinsu kan sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda wani yankinsu ya shiga jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar a 2000. Rani ya fi sauƙin aiki, domin idan ruwa ya ja baya, duk mai ƙishirwa dole ya zo inda ya rage.

Haske mai kyau na nan daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Da rana ta take, farin balbela yakan ƙone a hoto, gashinta ya zama fili guda ba zane. Mai ɗauka yakan ba rana baya, ya sa tufafi masu launin ƙasa, ya zauna ƙasa-ƙasa har kyamara ta yi daidai da idon tsuntsu. A kan idon nan ake saita hoto. In ya fito tar, saura mai sauƙi ne.

Zalɓe ne babban malamin haƙuri. Yakan tsaya cik a ruwa mai iya gwiwa, wuya a naɗe, ya daɗe bai motsa ba. Idan ya hango kifi, sai ya soma miƙa wuya a hankali yana karkata kai, sannan ya kai sara cikin ƙiftawar ido. Wanda ya san wannan alama yakan danna kafin saran. Wanda ya jira sai ya ga kifi a baki, feshin ruwa kawai zai samu. Irin wannan motsi, da tashin tsuntsu, suna bukatar gudun ɗauka na kusan 1/1000 na daƙiƙa. Madubin kyamara mai tsawon milimita 300 zuwa 400 yana jawo abin da ke nesa, mai waya kuma yakan ɗora ta a bakin abin hangen nesa ya samu hoto daidai gwargwado.

Zakaran ƙeƙuwa a ƙasa yake ƙwai, kuma da ya ga mutum sai ya cika wuri da kuka har sauran tsuntsaye su watse. Idan ya dage yana kewaya kan mutum, sheƙarsa na kusa, abin da ya dace shi ne a ja baya, don ƙwan da uwa ta bari cikin zafin rana ba ya daɗewa.

Shiga ruwan ma ba shi da amfani, domin ƙananan dodon-koɗin da ke tafki kan ɗauki ƙwayar cutar tsargiya. Tafki kuma wurin wanki da wanka da shayar da dabbobi ne, saboda haka ana gaida waɗanda aka tarar, a faɗa musu abin da ya kawo mutum, a kawar da kyamara daga inda mata da yara suke.