Ƙananan Watannin Mushtari da Zuhal

'Yan'uwana ɗalibai, musamman ku da za ku fita gwajin koyarwa bana, ina so in ja kunnenku game da wani abu da ke cikin tsofaffin littattafan labarin ƙasa. A ciki za ku ga an ce Mushtari yana da wata 12, Zuhal kuwa 9. A zamaninsu gaskiya suka faɗa, amma kada ku rubuta wa yara wannan a allo. Watannin Mushtari da aka sani sun haura 90, a 2025 kuma masana suka sanar da ƙarin 128 na Zuhal, suka zama 274.

Waɗannan duniyoyi biyu dunƙulen iska ne, ba su da doron da mutum zai taka. Faɗin Mushtari ya yi na duniyarmu sau 11. Saboda nauyinsu, da kuma nisansu daga rana, ƙarfin jansu yana kai wa nesa ƙwarai, ba mai yi musu kishiya.

To, in an ce wata, kada ku zaci irin namu, mai faɗin kilomita 3,474. Yawancinsu duwatsu ne da ƙanƙara, waɗansu faɗinsu bai wuce kilomita biyu ko uku ba. Ba su da nauyin da zai mulmule su, shi ya sa suka zama kamar doya ko dankali. Akwai Phoebe na Zuhal, wanda aka gano a hoto a 1899. Faɗinsa kilomita 213, watau ya fi nisan Bauchi zuwa Jos, bai kai na Bauchi zuwa Kano ba. Abin mamaki, baibai yake kewayawa, yana saɓa wa juyin Zuhal. Irinsa suna da yawa, masana kuwa suna ganin baƙi ne, sun zo wucewa aka cafke su, daga baya suka yi ta karo suna farfashewa.

Ni dai wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Daphnis, wanda kumbon Cassini ya gano a 2005. Faɗinsa kamar kilomita 8, tafiyar sa'a biyu a ƙasa ke nan. Yana bin wata 'yar hanya cikin zoben Zuhal, yana share ta, yana tā da igiya a gefenta kamar yadda kwalekwale ke yi a kogin Gongola.

Waɗannan ƙanana ba za ku gan su ba. Amma manya huɗu na Mushtari, waɗanda Galileo ya gani a 1610, madubin hangen nesa na hannu ya isa ya nuna su, in an jingina shi a katanga kada ya yi rawa. Ku zaɓi daren da babu hazo, ku sa yara su zana inda ɗigon haske suke, kashegari su sake. Za su tarar sun sauya wuri, gama na kusa, Io, ba ya cika kwana biyu yake gama kewayensa.