Sauya Madubin Gefe na Motar A-kori-kura

Ƙaramar motar ɗaukar kaya da Hausawa suka laƙaba wa suna a-kori-kura ta bambanta da motar shiga ta wata fuska da ba kasafai ake lura da ita ba. Da zarar an loda mata buhuna har sun tare gilashin baya, to madubin ciki ya tashi daga aiki, direba kuma ba shi da abin ganin bayansa sai madubai biyu na gefe. Saboda haka fashewar ɗaya daga cikinsu ba ƙaramin al'amari ba ne, musamman na dama. Tun daga shekarar 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mazaunin direba a hagu yake, gefen dama kuwa, inda masu babur da masu keke kan kurɗa, shi ne mafi nisa daga idonsa.

Gyaran iri biyu ne. Idan gilashin kaɗai ya fashe, akan ɓamɓare shi a saka sabo. Idan kuwa gidan madubin ne ya karye, sai an sauya shi ɗungurungum. A motocin zamani, notinan da ke riƙe da shi, galibi guda uku, suna ɓoye ne ta cikin ƙofa, bayan wata roba mai kusurwa uku a lungun taga. Bakanike zai cire robar, ya zare wayar in madubin na lantarki ne, sannan ya kwance notinan da sifana, yana tallafe da madubin don kada ya faɗi. Notin da ya suɓuce ya faɗa cikin ƙofa, ciro shi ya fi gyaran kansa wahala.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen zaɓen gilashi. Don neman sauƙin kuɗi, wasu direbobi kan sa a yanko musu madubin ɗaki a manna. Wannan shafaffe ne, alhali na asali da ke dama yana da ɗan doro, kuma doron ne ke tattaro faɗin hanya, ko da yake yana ƙanƙanta abin da ya nuna har a zaci yana nesa. Shafaffen madubi zai nuna mota da girmanta, amma ya ɓoye mai babur da ke dab da tayar baya.

Bayan an ɗaura, direba ne zai zauna a mazauninsa a saita masa, ta yadda jikin motar zai bayyana kaɗan kawai a bakin madubin.